Gawar da Ta Yi Ganye

Ofishin Kula da Dazuzzuka yana hawa na biyu, a saman wani shagon sayar da katako, kuma baƙi ne kawai ke ganin abin dariya a wannan maƙwabtaka. A cikin ofishin akwai itatuwa masu yawa, amma duk a jikin bango suke: hotunan kurmi mai duhun ganye da koramu masu gudu, irin waɗanda ba a taɓa gani ba a yankin da ruwa ke sauka wata uku ya ɗauke wata tara. Tsiro ɗaya tak ke tsaye da ƙafarsa, a cikin tukunya kusa da ƙofar Darakta. Shi ma na roba ne, ana goge shi da tsumma duk ranar Litinin.

Teburin Mai Rajista yana bakin taga. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki guda: masu awo su shiga daji su ƙirgo itatuwa, su rubuto da hannu, ita kuma ta shigar cikin na'ura. Abin da ke takardar mai awo zance ne kawai. Sai ya bi ta yatsunta yake zama gaskiyar hukuma.

Wata Laraba, damina ta fara gangarawa, ta ji ana hawowa matakala da sanda, a hankali, ana hutawa. Kawunta ne, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta. Sunan tsohuwarsa ta ci, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ta ba shi kujera, suka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Bai yi gaggawa ba. Sai da gaisuwa ta ƙare sannan ya buɗe tafin hannunsa a kan teburin. Jan fenti ne ya bushe a kai.

"Uwata, an yi rasuwa a gonata ba a gaya mini ba."

Ya ce jiya wasu mutane uku sun zo da gwangwanin fenti, suka bi gawon da ke gonarsa ɗaya bayan ɗaya suna shafa masa jan tambari a ƙirji. Da ya tambaye su, suka ce itatuwan sun mutu, za a zo a kwashe. Ya ce musu shi da ke kwana yana tashi da su bai ji labarin ba. Suka ce ba da shi suke magana ba, da takarda suke.

Gawo itace ne mai taurin kai. Lokacin da ruwa ya sauka kowane itace ya yi ado, shi sai ya karkaɗe ganyensa ya zubar, ya tsaya fayau kamar wanda gobara ta lasa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana ta ratsa rassan ta kai ga shuka, geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina tsayi. Idan damina ta wuce duniya ta bushe, a lokacin ne yake fitar da sabon ganye, ya yi inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Kowace akuya a yankin ta san haka.

Kawu bai taɓa dasa ko ɗaya ba. Shekara ashirin da takwas da suka wuce, gonarsa ta gaji har ba ta iya mayar da irin da aka zuba mata. Sai ya daina abu ɗaya: idan ya zo sassabe ya tarar da tohon gawo, ba ya sarewa. Yakan zaɓi reshe mafi ƙarfi ya bar shi, ya rage sauran. Maƙwabta suka yi ta dariya, suka ce ragwanci ne ya hana shi share gonarsa, suka sa masa Mai Gonar Ƙaya. Bayan shekara goma dariyar ta ragu. Bayan ashirin wasunsu suka fara barin nasu tohon a ɓoye, don kada a ce sun yi koyi da shi.

Mai Rajista ta tambaye shi lambar da aka rubuta a jikin itacen farko. Ya ce shida da biyu. Ta jawo fayil ɗin fili mai lamba sittin da biyu, ta fito da takardar mai awo. A gurbin da ke tambayar ganye, an rubuta babu. A gurbin ƙarin bayani, kalma ɗaya ce da lamba ɗari da arba'in da uku. Ta kai takardar bakin taga ta duba. Harafin ƙarshe na kalmar zagaye ne, da 'yar jela da biro ya ja lokacin ɗagawa. Gawo aka rubuta. Ta buɗe na'ura ta nemo abin da ita ta shigar wata biyu da suka wuce, a cikin takardu ɗari huɗu marasa sunan kowa. Gawa ta rubuta.

Ta daɗe tana kallon harafin. Tana iya cewa na'ura ce, ko hukuma, ko masu awo, kuma Kawu zai yarda. Ta juyo ta gaya masa yadda abin ya faru, ba ragi.

Ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Shekara nawa muka yi muna jiran ki iya rubutu, Uwata. Ashe abin da za ki rubuta ke nan."

Ta ce za ta gyara kafin la'asar. Da gaske take, domin a ganinta abin da harafi ɗaya ya ɓata, harafi ɗaya zai gyara.

Ta fara da Mai Awo, wanda ta tarar a bayan ofis yana kankare laka daga takalminsa da tsinke. Ya ce rubutunsa tun yana firamare haka yake, ba wanda ya taɓa kuka. Ya ce shi ɗan manomi ne, a inuwar gawo aka yaye shi, babu wanda zai koya masa halinsa. Amma takarda ta tambaye shi ko akwai ganye, kuma babu, shi ko ba ya ƙarya. Littafin ƙa'idojin ofis, wanda aka kwafo daga wata ƙasa mai sanyi, ya ce a yi ƙidaya a tsakiyar damina, kuma duk itacen da aka tarar ba ganye a lokacin matacce ne. Shi dai tausayi ne ya sa ya rubuta sunan itacen a gefe, ko Allah zai sa wani mai hankali ya gani.

"Kada ki ɗora wa kanki, Malama," in ji shi. "Littafi ne ya kashe su. Ke likkafani kawai kika ɗinka."

Bai sa ta ji sauƙi ba. Ta shiga wajen Darakta.

Darakta mutum ne mai fara'a, mai son ma'aikatansa, ba ya ɗaga murya. Kalmar ɗorewa ba ta rabuwa da bakinsa, har shayinsa yakan ce a haɗa masa mai ɗorewa. Ya saurare ta har ta gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya jawo wani littafi mai sheƙi ya ajiye a gabanta. Rahoton shekara ne. A bangonsa akwai hoton itatuwa fayau, rassansu sun miƙe zuwa ga baƙin hadari, a ƙasa an rubuta Dajinmu Na Mutuwa. Ta gane gonar tun kafin ta gane itatuwan, domin ga rumbun Kawu can a kusurwa.

Ya ce rahoton ya je hedikwata, daga can ya wuce wajen masu ba da tallafi, kuma wannan hoton ne ya motsa zukatansu suka amince da Shirin Farfaɗo da Daji. Matattun itatuwa ɗari da arba'in da uku a fili ɗaya, babu wani ofishi a ƙasar da ya samo irin wannan. An riga an ba mai gawayi lasisi ya kwashe su don tsaftace wurin, bayan nan za a dasa itatuwan turare a jere, layi-layi, yadda daji na gari yake kasancewa.

"Yallaɓai, itatuwan suna raye."

"A ra'ayin wa?"

"Kawuna ya shekara ashirin da takwas yana rainonsu."

"Allah ya saka masa. Yana da takardar shaidar karatun gandun daji?"

Ta ce ba shi da ita. Ta ce kuskuren nata ne, ta yarda a rubuta mata takardar gargaɗi, a rage mata matsayi, a dai bar ta ta mayar da harafin. Darakta ya ji tausayinta ƙwarai. Ya ce ba zai taɓa bari ma'aikaciya irinta ta zubar da mutuncinta ba. Hukuma ba ta kuskure, sai dai ta sake nazari, kuma sake nazari sai bayan shekara biyar. Ya ce ta gaishe masa da dattijon.

Ta fito ta gaya wa Kawu la'asar ɗin ba ta yau ba ce. Ya ce dama bai ɗauka ta yau ba ce. Ta raka shi tasha.

Washegari ta nemi izini ta tafi wajen Mai Gawayi. Filinsa yana bayan tashar manyan motoci, buhuna jibge sun fi tsayin mutum, ƙasa baƙi ƙirin har gindin katanga. Shi kansa ƙato ne mai yawan dariya, haƙoransa kawai ke da haske a jikinsa. Ya kaɗe mata benci da hularsa, bencin ya ƙara baƙi, ta zauna a haka.

Tun kafin ta kai ƙarshen bayani ya fara ƙyaƙyatawa. Ya ce ko makaho ya shafa ɓawon ya san ɗanye ne. Ya ce shi gawayin gawo ma ba ya burge shi, toka ce fal, da itacen ƙirya aka ba shi da ya fi gode wa Allah. Amma lasisi ya ce ya share filaye tara kafin lokaci kaza, idan ya bar ɗaya a ƙwace duka, kuma yana da ma'aikata masu iyali.

"Gawo, gawa, gawayi," in ji shi, yana lanƙwasa yatsu. "Hajiya, ai ku kuka yi mai wuyar. Ni ƙarasa kalmar kawai zan yi."

Ta roƙe shi abu ɗaya, ya bar fili na sittin da biyu ya zama na ƙarshe. Ya ƙirga a iska, ya ce hakan zai ba ta kwana ashirin da ɗaya, kuma ya yi ne don furfurar tsohon, ba don ofishinsu ba.

Lissafinta mai sauƙi ne. Tunda hukuma ba ta karɓar shaidar manomi, ba ta karɓar ta mai awo, ba ta karɓar ta mai kuskuren, saura shaida ɗaya, ganye. Idan ruwa ya ɗauke, gawo zai yi magana da kansa.

Sai dai daminar bana ta yi albarka. Ruwa ya ci gaba da sauka bayan lokacin da aka saba, masu dawa da wake suna ta hamdala a hanya da cikin mota. Mai Rajista takan ɗaga hannu bayan salla ta rasa yadda za ta jera roƙonta. Ba za ta iya roƙon a ɗauke wa dubban mutane ruwa saboda harafinta ba. Sai ta roƙi abin da ya fi alheri, ta shafa, ta leƙa taga ta ga hadari ya sake haɗowa. Kawu ya girbe geronsa daga gindin itatuwan masu jan tambari, ya ɗaure, ya kai rumbu. Kullum da safe yakan zagaya yana ɗaga kai yana duban bakin rassa, har wuyansa ya riƙe.

Ruwa ya ɗauke a kwana na goma sha uku. A na ashirin da biyu injin yankan itace na Mai Gawayi ya iso.

Da manya suka fara, domin su ne masu kauri. Kwana biyu, itace tara. Daga cikinsu har da na farkon da Kawu ya bari, wanda mutum biyu ba sa iya rungumewa. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya sa aka kawo wa ma'aikatan ruwan sha, ya zauna a gefe yana kallo. Wani cikinsu ya nuna masa rassan da suka faɗi, ga 'yan ganye sabbi fil sun fara buɗewa a kansu, ya ce, Baba, ka yi haƙuri. Kawu ya ce ba shi aka sare ba.

A ofis kuwa wata damuwa ce ta daban. An aiko cewa baƙi daga hedikwata da masu tallafi suna tafe ranar Litinin don ganin ci gaban Shirin. Ci gaban yana wani fili a gefen titi, inda aka dasa turare dubu biyar da kiɗa da jawabai, a makare, bayan an jira babban baƙo sati uku. Abin da rana ta rage, awaki sun ƙarasa. Yanzu babu komai a wurin sai tsinkaye da baƙaƙen ledoji, da allon da ke ɗauke da sunan Shirin, wanda shi kam ya kama ƙasa sosai. Darakta ya kira taro sau biyu a yini ɗaya. Wani ya kawo shawarar a sayo sabbin tsirrai a jera da asuba. Wani ya ce a ce hanya ta lalace.

Mai Rajista ta jira kowa ya fita.

"Yallaɓai, na san wurin da itace ya yi ganye."

Bai tambaye ta ina ne ba. Ya ɗauki makullin mota.

Tafiyar awa guda ce. Gonaki sun zama kara da ƙasa, ciyawa ta fara ja, duk itacen da ya yi taƙama da damina ya fara sakin kayansa. Da suka hau ɗan tudun da ke gaban gonar, sai ga kore shar, kamar an shimfiɗa sabon mayafi a kan busasshiyar ƙasa. Darakta ya taka birki. Ana jin kukan inji daga ciki. Ya fito da gudu, babbar rigarsa tana kama ƙaya, ya ɗaga hannu biyu yana cewa a tsaya da sunan hukuma. Injin ya mutu a rabin itace na goma.

Ya zagaya yana taɓa ganye, yana murzawa a yatsu kamar mai tantama. Ya ga jan tambarin. Ya tambayi lambar filin, ta gaya masa. Ya juya ya ga rumbun da ke kusurwa, ya ja da baya, ya ja da baya, har ya tsaya daidai inda mai hoton rahoton ya tsaya. Mai Rajista ta sunkuyar da kai don kada ta ga kunyarsa, domin ba ta son ganin babba yana neman kalmar ba da haƙuri.

"Sun farfaɗo," in ji Darakta. "Malama, cikin wata uku. Shirin ya yi aiki."

Ta ce, Yallaɓai, gawo ne, haka yake yi kowace shekara. Ya ce kowace shekara ba ta cikin fayil. Abin da ke cikin fayil shi ne a damina sun mutu, Shiri ya zo, ga su a raye. Taran da aka sare ma ya samo musu gurbi nan take: tsaftacewar da ta buɗe wa sauran iska. Ya gode wa Mai Gawayi bisa gudummawarsa. Mai Gawayi ya cire hula ya rufe bakinsa da ita, kafaɗunsa suna girgiza.

Kashegari Darakta ya ba ta takarda mai shafi uku ta kai wa Kawu. Ya yi mata bayani da haƙuri. Ba za a janye lasisin ba sai itatuwan sun bar gurbin matattu, kuma ƙofa ɗaya ce tak daga wannan gurbi, ita ce ta waɗanda suka farfaɗo a ƙarƙashin Shiri. Duk filin da ya bi ta wannan ƙofa ya zama keɓaɓɓen daji na shekara goma, don kare nasarar daga hannun jama'a. Ba noma, ba kiwo, ba sassabe, ba tsintar 'ya'yan itace. Amma ba a yin komai da tilas. Sai mai filin ya dangwala yatsa a gurbin amincewar al'umma. Idan ya ƙi, wannan haƙƙinsa ne, itatuwan su ci gaba da zama matattu, inji ya koma aiki ranar Talata.

Ta tarar da Kawu zaune a kan kututturen babban gawon. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake komai ba, ba ta tausasa komai ba. Ya ce ta sake. Ta sake.

"Idan na ƙi, gona tawa ce, ba itace."

"E, Kawu. Sai turaren da za su dasa."

"Idan na yarda, itace yana nan, ba gona."

"Shekara goma."

"Shekarata nawa, Uwata? Ke ce mai rajista."

Ta ce saba'in da huɗu. Ya gyaɗa kai. Ta ce za su iya kai ƙara hedikwata, za ta rubuta, za ta sa sunanta, ko da aikinta zai tafi. Ya tambaye ta ko amsa za ta iso kafin Talata. Ta ce ba za ta iso ba. Ya daɗe yana kallon sama, inda inuwa ta fara haɗewa tsakanin rassa. Ya ce gonar da ba gawo ya santa, ya noma ta shekara ashirin kafin wannan, ba gona ba ce, wahala ce mai iyaka huɗu. Ya ce su kuma waɗannan itatuwa ba su yi wa kowa laifi ba, barcinsu kawai suka yi a lokacin da bai dace da ofis ba. Ya miƙo babban yatsansa. Ta buɗe tawada. Ya dangwala a gurbin amincewar.

Baƙi sun zo ranar Litinin da motoci shida. Aka kafa hoton bangon rahoton a kan katako daidai inda aka ɗauke shi, don kowa ya ga da da yanzu. Wata daga cikin masu tallafin ta share hawaye. Aka gabatar da Kawu a matsayin ɗan al'ummar da aka wayar wa kai, aka tambaye shi abin da ya koya daga Shirin. Ya ce ya koyi cewa itace yana iya tsira daga fari da gatari da akuya, amma idan ya shiga takarda sai Allah. Tafinta ya fassara wa baƙin cewa dattijon yana godiya, kuma yana roƙon a faɗaɗa aikin zuwa sauran ƙauyuka. Aka tafa.

Kafin wata ya ƙare an zagaye filin da waya mai ƙaya, an kafa allo. Da rani ya tsananta gawo ya yi 'ya'ya fiye da kowace shekara, suka zubo a cikin wayar suka taru. Awakin unguwa sukan jeru a waje suna kallo, na Kawu a gaba. An yi wa Darakta ƙarin girma zuwa hedikwata. Kafin ya tafi ya rubuta wa Mai Rajista takardar yabo, bisa kaifin idonta wajen gano wuraren nasara. Ta sa ta a ƙasan aljihun teburi, ƙarƙashin tsofaffin fayiloli.

Maƙwabtan Kawu sun ga komai, kuma ba su da takardar shaida amma ba su rasa hankali ba. Da bazara ta zo aka fita sassabe, waɗanda suka shekara bakwai, takwas suna barin toho a ɓoye suka wasa gatura. Wani ya taƙaita maganar a majalisa: gawo a gonarka, idan ofis ya gan shi a mace a sare, idan ya gan shi a raye a ƙwace gonar. Cikin sati biyu aka share abin da aka yi shekaru ana raino. Hayaƙi ya tashi daga gabas da yamma. Da damina ta zagayo Mai Awo ya fita ƙidaya, bai samu mataccen itace ko ɗaya ba a gonakin yankin kaf. Rahoton wannan shekarar ya sha yabo.

Kawu kuwa ƙanwarsa, mahaifiyar Mai Rajista, ta ba shi aron wata 'yar gona da ta gada a bayan ƙauye, tudu ne mai tsakuwa wanda ba a noma ba tun da daɗewa. Wata safiya kafin saukar ruwa Mai Rajista ta je gaishe shi, aka ce yana can. Ta hango shi daga nesa yana share wurin shi kaɗai, yana sara yana hutawa. Da ta matso ta ga ya tsaya cak, gatari a hannu, yana duban ƙasa. Toho ne, bai kai gwiwa ba, farin ɓawo da ƙayoyi bibbiyu, ya fito daga wani tsohon kututture da ƙasa ta kusa binnewa.

Ya ji takunta bai juyo ba. Ya jingine gatarin, ya durƙusa da ƙyar, ya zaro wuƙa daga aljihu. Rassa biyar ne. Ya tattaɓa su, ya zaɓi ɗaya, ya yanke huɗun. Sannan ya jawo busasshiyar sabarar da ya sare ya lulluɓe shi da ita ta kowane gefe, yadda mai wucewa ba zai ga komai ba sai tarin shara. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya dube ta.

"Me kika gani, Uwata?"

Ta dubi tarin sabarar, ta dubi hanyar da motocin ofis ke bi.

"Yau Asabar ce, Kawu. Ba na aiki."

Ya ce to ta ɗauko masa gatarin, akwai wani can gaba kusa da dutse.